Cokalin Ƙasa Daga Garken Ardo

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ƙaryata ni a ƙofar mai gari. Ba ya ma wurin. Ta waya ya yi, an ƙure muryar wayar, liman na ji, Ardo na ji, mutanen da nake tayarwa sallar asuba suna ji. Shi ya aike ni ɗibar ƙasa, ya ce bai aike ni ba. Daga ranar aka karɓe kiran salla daga bakina, kuma har yau da nake rubuta wannan ba a mayar mini ba.

Garinmu yana ƙasar Bagudo, dab da iyakar Binin, ga kogin Kwara a gefenmu. Ni manomi ne, shinkafa a fadama, albasa da rani. Karatuna bai yi nisa ba. Ina aji biyu a sakandare mahaifinmu ya rasu, na dawo gona, ƙanena ya ci gaba. Ban taɓa yi masa gori a kan wannan ba, ba kuma shi nake yi yanzu ba. Abin da nake da shi wanda mutane suka sani shi ne murya. Tun ina saurayi nake ladanci a masallacin unguwarmu, ba albashi ba komai. Mutane sun bar kiran sunana, Ladan suke ce mini, har Inna mahaifiyarmu.

Wata shekara bayan girbi ƙanen nawa ya zo gida daga jami'ar da yake karatun digiri na ƙarshe. Muka tafi gonarmu da safe, yana riƙe da kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi. A hanya ya yi mini bayanin aikinsa. Ya ce a cikin ƙasa akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, bakteriya, kuma kowace ƙasa da irin nata. Su suna ware su, su yi kiwonsu a cikin wani romo, sannan su zuba musu ruwan da aka narkar da zinare a ciki. Wasu daga cikin halittun nan sukan mayar da zinaren ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ƙurar gari ma ta fi su girma nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ko zinaren daga ƙasar yake fitowa. Ya yi dariya ya ce a'a, sayo shi suke yi da tsada, halittun dai maƙera ne. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyin ne ke sa jan layin nan ya fito a tsinken gwajin zazzaɓi da ake yi a asibiti, kuma ana neman yadda za a ɗora musu magani su kai shi inda ciwon daji yake. Mahaifinmu ciwon ciki ya kashe shi, wanda har yau ba mu san sunansa ba. Na saurara da kyau.

A gonar ya nuna mini yadda ake yi. A sa safar hannu. A goge cokali da sufirit. A share saman ƙasar, a tona kamar tsawon yatsa, a ɗebo cokali ɗaya a zuba a 'yar kwalbar roba, a rufe, a manna farin salatif a rubuta inda aka ɗebo. A sa a kula kafin rana ta yi zafi. Ya yi sau biyu, na yi sau biyu, ya ce hannuna ya fi na wasu ɗalibai tsabta.

Da zai koma sai ya bar mini kular da kwalaben da komai. Ya ce ba shi da lokacin yawo, malaminsa na jiransa. Ya ce ƙasar gona ɗaya ba ta isa. Yana son ta inda shanu ke kwana, ta inda maƙera ke zubar da toka, ta inda ruwa ke kwanciya a bayan gida, ta bakin kogi inda masunta ke banda kifi, har da ta tsallaken iyaka idan na samu zuwa. In sun taru in ba direba a tashar Bagudo.

Na ji daɗi. Mutum da ya bar makaranta a aji biyu, an ce ya sa safar hannu ya yi aikin jami'a. Na ɗauki abin da zafi. In na kira asuba muka yi salla gari ya waye, sai in ɗauki kula in fita. Taubashina, wani mai gyaran keke, yakan gan ni tsugune ya ce, "Ladan, in ka gama nan ka zo ka share mini ƙofa, ba ni biyan ko sisi." In ce masa ƙasar ƙofarsa ko halittun ba su zama cikinta don wari. Haka muke.

Wurin rubutun ne na yi abin da duk ɗan ƙauye zai yi. A garinmu wuri ba shi da lamba, ba shi da suna sai na mai shi. Ba ka cewa gabas da kaza, cewa kake yi garken wane, ƙofar wane. To haka na rubuta. Garken Ardo. Ƙofar maƙeri. Bayan gidan mai unguwa. Ban nemi izinin kowa ba, don ban taɓa jin an roƙi cokalin ƙasa ba. Garken Ardo kuwa sai da na bari an kora shanu kiwo sannan na shiga, don shanun Fulani ba su son baƙo. Na aika kashi na farko. Ƙanena ya bugo ya ce sun isa lafiya, in ƙaro daga wuraren nan dai, in kuma leƙa tsallake.

Na shiga jirgin wani masunci ranar kasuwa na ƙetara. Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai san abin da wannan ke nufi ba a shekarun. Tun da aka kafa Shari'a masu giya da 'yan bori da bokayen da suka ƙi tuba duk can suka koma. Kowa na zuwa kasuwar, amma kowa na dawowa da abin da ido ke gani, gishiri, atamfa, man ja. Ni na tafi da rufaffiyar kula na dawo da rufaffiyar kula.

Ana nan shanun Ardo suka fara ɓari. Ɗaya ta zubar, wata ta bi. Sai matarsa mai tallan nono ta tuna ta taɓa ganina da sassafe tsugune a tsakiyar garke, hannuwana fari fat, ina kankarar inda shanu suka taka ina zubawa a kwalba.

A nan ƙasar, mutum ya ɗebi ƙasar sawunka ko ta ƙofarka, abu ɗaya ake yi da ita. Na sani tun ina yaro. Kakata takan sa mu share sawunmu in mun wuce ƙofar wata tsohuwa. Amma ni a kaina safar hannu da sufirit sun raba aikina da wancan, kuma ni ne Ladan, wa zai yi mini wannan zato.

Bayan la'asar aka aiko mai gari na kira. Na tarar da fili cike. Aka ce in sa a ɗauko kular. Da aka kawo ta, wani daga cikin 'yan agajin masallaci ya jera kwalaben a kan tabarma, ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana karanta rubutuna da ƙarfi, yana tuntuɓe da shi, don rubutun nawa ba kyau gare shi ba. Duk wanda ya ji an kira wurinsa sai ya miƙe. Maƙeri ya miƙe. Mai unguwa ya miƙe. Da aka karanto wadda na ɗebo a magudanar alwala, na rubuta bayan masallaci, sai liman ya sunkuyar da kai. Ni ma ƙafafuna nake kallo. Takalmina ɗaya ya tsinke, na ɗaure shi da waya, shi na ƙura wa ido.

Ardo dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ladan, mi na yi maka? Nono ka taɓa aikowa anka hana ka?"

Na fara bayani, na ƙara ɓata abin. Na ce akwai wasu halittu a cikin ƙasa da ido ba ya gani, su ake ɗauka a kai birni a yi kiwonsu, a ba su zinare su yi aiki. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita. Wani daga baya ya ce a'uzu billahi. Wani ya ce to ai ya faɗa da bakinsa. Na yi ta cewa bakteriya, bakteriya, kamar kalmar za ta cece ni.

Mai gari mutum ne mai hankali. Ya ce tunda na ce ƙanena ya aike ni, a kira shi. A nan na samu numfashi. Na ba da wayata da kaina, na ce a buɗe murya kowa ya ji. Har na fara tunanin yadda zan yafe wa mutane.

Ya ɗauka ya ce, "Yaya." Mai gari ya ce ba Yaya ba ne, shi ne. Ya gaya masa abin da ake ciki, da shanun, da kwalaben, da cewa akwai ƙasar tsallaken iyaka a ciki, kuma Ardo na maganar zuwa gaban alƙali. Sannan muryarsa ta fito, a natse, irin ta masu karatu.

"Ranka ya daɗe, ƙasar da nake aiki da ita ni na zo na ɗiba da hannuna, a gonarmu. Ragowar kwalabe dai na bari a gida. Abin da Yaya ya yi da su bayan nan ban san shi ba."

Na ce, "Kai." Shi ke nan abin da ya fito mini. Na sake cewa, "Kai." Mai gari ya yi masa godiya ya kashe wayar ya miƙo mini, ban ma ga hannunsa ba sai da wani ya taɓa ni.

Ba a je gaban alƙali ba. Liman ya ce ba wanda ya ga na binne wani abu ko na karanta wani abu, saboda haka rantsuwa ta isa. Na yi alwala a gaban jama'a. Na dafa Alƙur'ani na rantse ban nufi kowa da sharri ba. Ardo ya ce ya karɓa. Sannan kowa ya zo ya ɗauki kwalbarsa ya tafi da ita, har maƙeri, wanda muka yi makarantar allo tare, ya sa tasa a aljihu ya dafe aljihun. Da za a watse liman ya ja ni gefe ya ce in ɗan huta da kiran salla har magana ta kwanta.

Ba dukana aka yi ba, ba a kore ni daga gari ba. Wasu abubuwa ne ƙanana. Mutum ya tsaya a ƙofata mu gaisa, in zai tafi sai ya ja ƙafa a ƙasa kamar yana kakkaɓe takalmi. Matar Ardo ta bar biyowa ta layinmu da ƙwarya. Taubashina ya daina tsokanata, ya koma gaishe ni da ladabi, ina kwana, ina gajiya, kamar baƙo. Wannan ya fi komai cina. Na koma shiga masallaci sai an tayar da iƙama, in tsaya sahun baya, ana sallamewa in fice. Wanda aka ba kiran mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Sai dai ina farkawa kafin shi kullum, in kwanta ido biyu ina jira.

Inna ba ta fita, amma magana na shiga gida. Wata rana na kai mata goro ta ce in zauna. Ta daɗe tana juya goron sannan ta ce, "Ni ka gaya wa, ba mai ji. Ka yi?" Uwar da ta haife ni. Na ce ban yi ba, ɗanta ne ya aike ni. Ta ce to ai shi ya ce bai aike ka ba, kuma shi mai karatu ne, mi zai sa ya yi ƙarya. Na tashi na fita.

Ƙanen nawa kuwa ya bugo mini kwana biyu bayan rantsuwar, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in fahimce shi. Ya riga ya gaya wa malamansa cewa duk ƙasar da hannunsa ya ɗebo ta, bisa ƙa'ida. In aka ji wani ne ya ɗiba, wanda ba a horar ba, har da ta wata ƙasa ba da izini ba, za a iya soke aikin gaba ɗaya. Da ya ji an ambaci alƙali sai ya tsorata. Ya ce in yi haƙuri ya gama, zai zo ya wanke ni. Na yi haƙuri. Ya gama. Ya ce bari ya samu aiki. Ya samu. Ya ce bari a tabbatar da shi. Shanun Ardo suka warke da kansu ko da allurar likitan dabbobi, oho, mutane suka ce rantsuwar ce ta karya abin. Ya riƙa aiko wa Inna shinkafar gwamnati da sabulu, yana aiko mini da shadda. Shaddar tana nan cikin akwati, ban kai ɗinki ba. Ya zama Dokta, duk garin na alfahari da shi, ana ce mini ƙanenka ya fitar da ku kunya.

Bara ya zo da mota, kwana kaɗan kafin babbar salla. Ya yi ƙiba. Bayan ya gaida Inna ya same ni a zaure ina gyaran buhunan albasa. Ya zauna a kan turmi, ya zaro wata 'yar kwalba daga jaka, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Ruwa ne ja mai duhu, kamar zoɓon da aka tsinka. Ya ce zinare ne wannan, Yaya, haka launinsa yake in ya ƙanƙance. Na karɓa na duba. Ba zan ɓoye ba, abin na da kyau.

Sai ya shiga labari, bakinsa har rawa yake don daɗi. Ya ce a cikin duk ƙasar da aka gwada, irin bakteriyar da ya fi aiki daga garken Ardo ya fito, cikin kashin farko da na aika. Shi suka yi ta rainon sa shekara da shekaru. To wuta ta ɗauke musu tsawon lokaci, injin ba da wuta ya lalace, firjin ya huce, irin ya mutu. Yana son ya koma garken ya sake ɗiba ko Allah zai sa a dace. Ya ce in raka shi wurin Ardo.

Wallahi murna ta kama ni. A raina na ga mu biyu a gaban Ardo, shi da safar hannu yana tsugune inda na tsuguna, Fulani na kallo. Ko bai ce komai ba an gane. Na ce to, mu biya mu ɗauki liman da mai unguwa, ka faɗa musu yadda aka yi tun farko.

Ya sosa ƙeya. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya sayo gishirin shanu da maganin tsutsa zai kai wa Ardo, ya ce masa sabon bincike ne na lafiyar dabbobi. Ni in tsaya a mota kawai in nuna masa inda garken yake a wancan lokacin, tunda sun matsa. Tsohuwar magana kuma a bar ta, yanzu kowa da waya a hannu, wani zai ɗauka ya watsa, ga shi ana duba takardunsa don ƙarin girma. Ya ce ya yi niyyar saya wa masallaci sabuwar lasifika da sola, kuma zai ga liman a ɗaki, su biyu, ya nuna masa cewa a duba lamarina.

Na ajiye masa kwalbarsa a ƙasa kusa da ƙafarsa. Kunya ce ta kama ni, ba fushi ba, don ɗan lokacin nan da na yi murna. Mutum da furfura a gemu, an sake nuna masa kwalba ya sake washe baki. Na ji Inna na motsi a tsakar gida, na san tana ji. Ban rage murya ba.

Na ce masa, "Ba ni shiga motarka, ba ni nuna maka ko'ina. Kuma kada ka je wa liman a ɗaki kamar mai roƙa wa ɓarawo sassauci, ban saci komai ba. A fili ka ce ba ka aike ni ba, gaban kowa. Jibi ana sallar idi, duk waɗanda sunka ji ka suna wurin, har Ardo. In an sallame ka miƙe ka ce kai ka aike ni, ka ce ƙarya ka yi. In ba ka iyawa, to tashi yanzu ka shiga ka gaya wa Inna, ita kaɗai, ina tsaye ina ji. In wannan ma ba ka iyawa, ka ɗauki gishirinka ka tafi, kuma in ka bugo waya kada ka sake ce mini Yaya."